Sirrinka Yana Hannun Abokinka: Sharhin Fim Ɗin The Great Hack

Fim ɗin The Great Hack, wanda Karim Amer da Jehane Noujaim suka ba da umarni, ya fito a Netflix a 2019. Ya bi diddigin badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya yi wa yaƙin neman zaɓen Donald Trump aiki a 2016, bayan an kwashi bayanan masu amfani da Facebook da yawansu ka iya kai miliyan 87.

Ƙarfin fim ɗin yana wajen David Carroll, malamin jami'a a Amurka. Tambayarsa ɗaya ce: me kuka ajiye a kaina? Ya bi ta dokar Birtaniya, hukumar kare bayanai ta umarci a ba shi, aka ƙi. A farkon 2019 kotu ta ci tarar SCL Elections, kamfanin da ke bayan Cambridge Analytica, fam 15,000.

Sai dai fim ɗin ya ɗauki sirri tamkar dukiyar mutum ɗaya, yana biye wa Brittany Kaiser, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, mai kiran kowa ya mallaki bayanansa. A nan ya yi rauni. Waɗanda suka saka manhajar gwajin halayya ta Aleksandr Kogan, wadda ta kwaso bayanan, kusan 270,000 ne kacal. Sauran miliyoyin ba su danna komai ba. A lokacin, Facebook yana barin manhaja ta ɗebi bayanan abokan duk wanda ya amince mata, kuma bai gama toshe wannan kafa ba sai 2015. Wato abokinka ne ya sa hannu a madadinka.

Yawancinmu da idon jama'a muke auna sirri: kada maƙwabci ya ga hoton, kada surukai su karanta rubutun. Da mun kulle shafi sai hankali ya kwanta. Amma makullin nan maƙwabci kaɗai yake tarewa, mai rumbun ajiyar yana gani. Haka duk wanda ya ba manhaja izinin karanta lambobin wayarsa ya miƙa taka a ciki.

Wannan batu fim ɗin ya taɓo shi a gurguje, ya ƙarar da lokaci wajen zanen ɗige-ɗige masu tashi daga wayoyi da raka Kaiser daga Tailan zuwa Landan. Ya cancanci kallo, amma zai bar ka kana tambayar wa ya saci naka, alhali akwai tambayar da ta fi nauyi: na mutum nawa ka bayar?