Tsokaci Kan Littafin The Riddle of the Sands: Yawon Shan Iska Da Ya Rikiɗe Leƙen Asiri

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ƙagaggun labaranmu, wato marubuci ya ɗauki tauraronsa ya jefa a jirgin sama, a shafi na gaba ya ce ga shi a Landan ko Dubai, alhali in ka goge sunan garin ka rubuta Kaduna, babu abin da zai canza a labarin. Wannan ne ya sa a wannan fitowa na ga ya dace mu leƙa wani tsohon littafin Turanci wanda wurin da aka gina labarin shi ne ƙashin bayansa. Sunan littafin The Riddle of the Sands, kamar a ce kacici-kacicin rairayi. Erskine Childers ne ya rubuta shi, aka buga a Landan cikin 1903, kuma shi kaɗai ne ƙagaggen labarin da ya wallafa a rayuwarsa.

Labarin a taƙaice shi ne, wani saurayi mai suna Carruthers, ma'aikaci a ofishin harkokin waje na Ingila, ɗan gayu mai ji da kansa, zaman Landan ya gundure shi. Sai ga wasiƙa daga wani tsohon abokin karatunsa, Davies, yana gayyatarsa hutun yawo cikin jirgin ruwa da harbin agwagi a gaɓar tekun Jamus. Jirgin irin mai tafiya da iska ne, wanda ake ɗaura wa ƙyalle mai kauri a jikin dogon itace, iska ta riƙa tura shi. Carruthers ya yi zaton zai tarar da jirgin alfarma da ma'aikata da kuku, don haka ya shaƙe akwati da fararen kaya. Da ya isa garin Flensburg a ƙarshen watan Satumba, abin da ya tarar shi ne wani ɗan tsohon jirgin ceto da aka yi wa kwaskwarima, mai suna Dulcibella, wanda ko akwatin nasa ya ƙi shiga ƙofarsa. Daga shi sai Davies. Su ne matuƙa, su ne masu dafa abinci, su ne masu wanke-wanke.

Daga nan suka yi kwanaki suna bin garuruwan gaɓar tekun Baltik, kamar Sonderburg, wanda a lokacin yana hannun Jamus, tun 1920 kuma ya koma Denmak. Suka bi ta mashigin ruwan Kiel, wanda aka haƙa aka buɗe a 1895, mai tsawon kilomita 98, suka faɗa Tekun Arewa. A nan ne ainihin filin labarin yake: jerin tsibirai 7 da suka yi layi a gaban gaɓar Jamus, daga Wangerooge a gabas, a bi ta Norderney, har zuwa Borkum a yamma.

To, ya kamata mai karatu ya fahimci yanayin wurin, domin in bai fahimce shi ba, littafin ba zai yi masa armashi ba. Tsakanin tsibiran nan da tudu ruwa ne marar zurfi. Sau biyu a kowace rana teku kan cika ta janye. In ta janye, sai ka ga fili fetal na rairayi da taɓo iya ganinka, da 'yan ƙoramu suna ratsa shi. Jirgin da yake yawo bisa ruwa ɗazu, yanzu yana zaune a ƙasa, har mutum ya sauka ya taka da ƙafa. In ta dawo, cikin 'yan sa'o'i filin ya ɓace. Hanyoyin da jirgi zai bi ƙanana ne, masu karkace-karkace, an kafa rassan itace a gefensu don alama, kuma rairayin yakan matsa daga shekara zuwa shekara, har taswirar bara ta zama maƙaryaciya a bana. Davies ba shi da abin so kamar wannan wuri. Yakan wuni yana jefa igiya mai darma a ruwa yana auna zurfi, yana gyara taswirar hukuma da fensirinsa.

Abin da nake so 'yan uwa marubuta su lura da shi, shi ne marubucin bai kawo wannan bayani don ƙawa ko nuna sani ba. Da shi ya ƙulla zaren labarin gaba ɗaya. Alal misali, dalilin da ya sa Davies ya kira abokinsa shi ne wani attajiri mai suna Dollmann ya taɓa yi masa jagora cikin guguwa, ya ce ya biyo shi ta wata gajeriyar hanya cikin rairayin, sannan ya tsere ya bar shi don ya hallaka. Ka ga ke nan makamin kisan ba wuƙa ba ne, ba bindiga ba, sanin wuri ne. Haka kuma asirin da suka tono daga ƙarshe, wato shirin Jamus na kai wa Ingila farmaki da sojoji cikin manyan kwale-kwale masu faɗin ciki, waɗanda za a fito da su ta ƙananan mashigai 7 na bayan tsibiran, ba zai yiwu a gano shi ba sai ga wanda ya san cewa inda babban jirgin yaƙi ba ya iya shiga, ƙaramin jirgi na iya fita. Hasali ma littafin ɗauke yake da taswirori, kuma marubucin yakan tura mai karatu ya koma ya duba su.

Babin da ya fi kowane ƙayatarwa a ganina shi ne wanda samarin biyu suka bar jirginsu a Norderney, suka shiga ɗan kwale-kwale cikin hazo mai kauri, suka tuƙa fiye da mil 10 zuwa tsibirin Memmert don su saurari ganawar abokan gaba, sannan su komo kafin a farga ba sa nan. Babu harbi, babu dambe. Carruthers na tuƙi har hannuwansa suka yi kanta, Davies na riƙe da kamfas da agogo da taswira, yana lissafin mintocin da suka rage kafin ruwa ya janye ya bar su a taɓo. Amma zuciyar mai karatu dukan uku-uku take yi har a gama. Dalili kuwa shi ne an riga an ɗauki babi da babi ana koya masa halin wannan ruwa, saboda haka ya san abin da kuskuren minti goma zai jawo.

Daga ina marubucin ya samo wannan? Daga gumin jikinsa. A 1897 Childers, wanda a lokacin akawu ne a Majalisar Dokokin Ingila, ya bi waɗannan tsibirai har zuwa Baltik cikin ɗan jirginsa mai suna Vixen, ɗan uwansa Henry ya raka shi wani ɓangare na tafiyar, kuma yana rubuta abin da ya faru kowace rana. Wannan kundi shi ya zama jarin littafin. Mu ma ba baƙin irin wannan ba ne, domin abin da ya ba Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam daraja shi ne ya taka ya gani a tafiyarsa Ingila cikin 1943. Bambancin kawai shi ne Childers ya ɗauki abin da ya gani ya dasa ƙagaggen labari a kansa.

Ta fuskar taurari kuwa, dabarar da aka yi ita ce sanya labarin a bakin wanda bai san komai ba game da jirgi. Duk tambayar da mai karatu zai yi, Carruthers ya riga shi yi. Kuma a gaban idonmu girman kansa yake narkewa, daga mai raina Davies saboda ƙazamin wandonsa da in'inarsa cikin mutane, zuwa mai bin umarninsa ba musu. Babu inda marubucin ya tsaya ya sanar da mu cewa wane ya shiryu. Aiki ne ya nuna.

Sai dai littafin bai rasa tasgaro ba. Na farko, soyayyar Davies da Clara, 'yar Dollmann, kamar faci ce a jikin riga. Yarinyar ba ta da wani hali nata, ta bayyana, ta ji kunya, ta ɓace. An ba kowane tudun rairayi suna da siffa da ɗabi'a, amma mace ɗaya tilo da ta shigo tsakiyar labarin an bar ta kamar hoto a bango. Na biyu, akwai shafukan da kalmomin matuƙa jirgi suka yi katutu, har wanda bai taɓa ganin teku ba zai ji kamar ana karanta masa littafin kanikanci. Ɗalibin sakandare zai iya ajiye shi tun kafin a bar Baltik, kuma ba zan ga laifinsa ba, don kusan kashi ɗaya cikin uku na farko tafiyar hawainiya yake yi.

Babban laifin da na kama shi da shi yana ƙarshe. Bayan an gama labari, Dollmann, wanda ashe tsohon hafsan sojan ruwan Ingila ne da ya ci amanar ƙasarsa, ya faɗa ruwa ya hallaka, sai marubucin ya cire rigar mai ba da labari ya sa ta ɗan siyasa, ya shiga yi wa gwamnatin Ingila huɗuba kan ta shirya wa Jamus, ta kula da gaɓarta ta gabas. Wannan ciwo ne da muka sani a gida, inda marubuci kan ƙare labari sannan ya buɗe shafin wa'azi, kamar bai amince mai karatu ya gane ba. Gaskiya ne gargaɗin ya ja hankalin mutanen zamaninsa, musamman da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1914. Amma yau, bayan fiye da shekara 120, wa ya damu da wannan huɗuba? Abin da ake komawa a karanta shi ne hazo da taɓo da samari biyu a cikin ɗan jirgi.

Shi kansa marubucin, ƙarshensa ya fi na taurarinsa ban mamaki. Mutumin da ya gargaɗi Ingila game da Jamus, shi ne a watan Yuli na 1914 ya loda bindigogi 900 da aka sayo a Jamus cikin jirginsa na shaƙatawa mai suna Asgard, ya sauke su a garin Howth don masu neman 'yancin Ailan. A ranar 24 ga Nuwamba 1922, lokacin yaƙin basasar Ailan, sabuwar gwamnatin ƙasar ta harbe shi bisa laifin mallakar ƙaramar bindiga. Ɗansa, wanda shi ma Erskine Childers ne sunansa, ya zama shugaban ƙasar Ailan a 1973.