Kalmar "Exigency": Gaggawa Ce Ko Larura?

'Yan makaranta, akwai wata kalma ta Turanci da mu ke yawan gani cikin rubutunku, watau exigency. Da yawa daga cikinku sun ɗauka ita da emergency duk ɗaya ne, in an ce su juya su da Hausa sai su rubuta "gaggawa" su wuce. Wannan fassara ba ta gamshe mu ba, ga kuwa dalilinmu.

Kalmomin nan biyu daga Latin suka fito, harshen Rumawan dā. Tushen emergency shi ne emergere, watau abu ya ɓullo daga cikin ruwa. Saboda haka ita aukuwa ce ta ba zato ba tsammani, kamar gobara. Exigency kuwa, wadda ta shiga Turanci cikin ƙarni na 16, tushenta exigere ne: ex, waje, agere, kora. Da wannan kalma Rumawa kan faɗi karɓar haraji da neman biyan bashi. To, mai bin bashi ba ya zuwa da mamaki. Ka san da zuwansa, amma ba ka da ikon sallamarsa hannu wofi.

Ku dubi manomi. In fara ta sauka a gonarsa, emergency ke nan. Amma ran da ruwan shuka ya sauka, ya bar biki ya ɗauki iri, wannan exigency ce, gama tun rani ya san ranar na tafe.

Gaggawa halin mai sauri ce, mutum kan yi ta ko ba abin da ya kore shi. Kalmar da ta dace ita ce "larura", wadda muka aro daga Larabci, watau bukatar da ta tilasta.

Kada ku ce wannan gardamar malamai ce kawai. Wanda ya zama akawu a cikinku zai tarar an rubuta cewa samun hutu ya dogara ga exigencies of the service. In ya fassara da gaggawa, sai ya zaci ba mai hana shi tafiya sai ofis ya kama wuta, alhali ƙarancin ma'aikata kaɗai ya isa.

Saboda haka kafin ku yi ado da babbar kalma, ku binciki asalinta, sa'an nan ku nemo 'yar'uwarta a Hausa. Kayan aro ba ya rufe katara.