Kundin Day Kan Tsutsotsin Tekun Kudancin Afirka

Tun 1967 Gidan Tarihin Halittu na Landan ya buga *A Monograph on the Polychaeta of Southern Africa*, aikin Farfesa John Day na Jami'ar Cape Town, kuma har yau ina buɗe shi da jin daɗi. Juzu'i biyu ne. Na farko ya tattara tsutsotsin teku masu gashi da ke yawo, na biyu kuma waɗanda ke zaune cikin rami ko bututun da suka gina.

Abin da ya fi kama ni shi ne zanen. Day ba ya zana tsutsa don ƙawa. Sai ya nuna kai, ya ware ƙafa guda daga gaɓar jiki, sannan ya faɗaɗa kowane silin gashi har ka ga bakinsa: wannan mai ƙugiya, wancan kamar matsefi. A nan ne ake rarrabe jinsi. Dubi yadda yake raba *Eunice* da *Marphysa*, 'yan gida ɗaya masu muƙamuƙi da zare biyar a kai. *Eunice* na da ƙananan zare biyu a bayan kai, *Marphysa* ba ta da su. Tambaya ɗaya, hanya ta rabu. Ina kuma yaba yadda yake rubuta inda aka samo kowace tsutsa da zurfin ruwan, a taƙaice.

Rauninsa na zamaninsa ne. A lokacin an yarda cewa jinsi ɗaya kan bazu a tekunan duniya duka, don haka Day ya sa wa tsutsotsin Afirka da yawa sunayen Turai. Wadda masunta ke haƙowa a gaɓar Cape don koto ya kira ta *Marphysa sanguinea*, sunan wata ta Ingila da masani Montagu ya bayyana a 1813. A 2008 masu bincike suka nuna cewa ta Cape jinsi ce daban. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsutsar da aka ɗauka tana ko'ina ba a cika damuwa da yawan haƙarta ba.

Ban ga laifin Day sosai a nan ba. A lokacin binciken ƙwayoyin gado bai iso ba tukuna. Ɗalibin da zai ɗauki kundin yau ya amince da idon marubucin, amma ya sake tantance kowane suna kafin ya rubuta shi.