Hoton Situdiyo da Darasin Ƙofar Haske

Hoton situdiyo, wanda mutum zai ci ado ya je wurin mai hoto ya zauna gaban labule a ɗauke shi, yawancin masu koyon kyamara a yau kallon tsohon yayi suke yi masa. Zarginsu shi ne a sandare yake, ba shi da rai, mai ɗaukarsa kuma ɗan kasuwa ne da ke jiran cinikin sallah. Wanda ya tsaya ya dubi hotunan da kyau ba zai yanke wannan hukunci ba.

A Afirka ta Yamma sana'ar ta yi manyan gwanaye. Seydou Keïta na Bamako ya fara da ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa daga Senegal a 1935, ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya riƙe shi har farkon shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki. Malick Sidibé ya biyo bayansa a birnin, har ya karɓi lambar Zakin Zinare a Venice a 2007. A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya soma tattara hotunan kitso a 1968.

Duk mai koyo ya san abubuwa ukun da ke tsara hasken hoto: faɗin ƙofar da haske ke shiga, daɗewarta a buɗe, da lambar ISO. Na farkon ne ya fi tasiri a kan kamannin hoto. Idan aka wangale ƙofar, misali f/1.8, wuri kaɗan ne zai fito ras, ido ya fito, kunne ya fara dishi-dishi, bayan mutum ya narke gaba ɗaya. Idan aka tsuke ta zuwa f/11, saitin sai ya yi zurfi, daga gaba har baya komai ya bayyana. Amma tsukewar tana rage haske, dole a ƙara lokaci, ƙarin lokaci kuwa yana bukatar kyamara ta zauna daram bisa ƙafa uku, wanda ake ɗauka kuma kada ya motsa. Sandarewar da ake kushewa ke nan, ita ce kuɗin da aka biya aka sayi zurfin hoton.

Hotunan Keïta sun nuna abin da aka samu a wannan ciniki. Mace ta kishingiɗa cikin atamfa mai zane, bayanta labule mai wani zanen dabam, ga ɗan kunne, ga zobe, ga naɗin ɗankwali, babu wanda ya ɓace. Zane a kan zane ya kamata ya rikita ido, amma fuska da hannuwa, da yake su ne ba su da zane, sai ido ya sauka a kansu ya huta. Yakan ɗan karkata kafaɗar mutum don kada ya fuskanci kyamara kai tsaye, ya fi son hasken rana a tsakar gidansa, kuma galibi sau ɗaya yake ɗauka a kan fim mai girman santimita 13 da 18. Labulensa na farko ma zanen gadonsa ne.

Zaɓen wurin da haske ya yi laushi shi ma darasi ne, musamman ga baƙar fata. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka-toka, saboda haka in dattijo ya tsaya da farar babbar riga da tsakar rana, kyamarar za ta rage haske domin rigar, fuskarsa ta dushe, hula ta jefa inuwa a idanunsa. Maganin shi ne a kai shi inuwar zaure ko bango, a auna hasken daga fuska, a riƙe farin ƙyalle a gefe ya mayar da haske kumatu.

Yayin narkar da baya ya bazu a harkar bidiyo bayan fitowar Canon 5D Mark II a 2008, yanzu har wayoyi suna kwaikwayonsa. Yana da amfaninsa, amma ga mai koyo ya fi zama mafaka, domin baya da ya narke ba ya tambayar kowa me ya sa aka bar bokiti a kusurwa. A fim kuma ɗan wasa yana matsawa taki ɗaya ya fita daga saiti, ɗakin amarya da aka wahala wajen jerensa ya koma hazo. Wanda ya fara koyo da f/8 ko f/11 bisa ƙafa uku, tilas ya duba kusurwoyi huɗu na hoton, ya kawar da abin da ba ya so, ya gyara zaman mutum, kafin ya danna.