Makiyayi da Mai Garke: Nazarin Sura ta 34 ta Littafin Ezekiyel

A cikin rubuce-rubucen annabawan Bani Isra'ila da aka tattara a Littafi Mai Tsarki, kaɗan ne za su shiga kunnen mutumin karkarar Hausa kamar sura ta 34 ta Littafin Ezekiyel, wadda ke tuhumar shugabanni da sunan makiyaya. An kammala fassara Littafin zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora. Ya iso ƙasar Damagaram ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta sauka Zinder a 1924, daga baya kuma ta kafa tasha a Dungas. Mabiya addinin Kirista ƴan kaɗan ne a wannan yanki, amma surar ta cancanci nazarin duk mai sha'awar adabi, domin batun da ta ɗauko, wato amanar talakawa a hannun masu mulki, tsohon batu ne a wa'azin malaman ƙasar Hausa.

Ezekiyel firist ne, wato mai hidimar Haikalin Urushalima. An kwashe shi zuwa Babila tare da sarki da manyan gari a shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma bayan kimanin shekara goma rundunar Nebukadnezzar ta rushe birnin baki ɗaya. A sura ta 33 ne wani wanda ya tsira ya iso wurin masu zaman bauta da labarin faɗuwar birnin. Sura ta 34 ke nan ta zo a matsayin amsa ga tambayar da ke cin ransu: wa ya jawo wannan halaka? Kiran sarki da sunan makiyayi ba sabon abu ba ne a wancan zamani, don tun Hammurabi na Babila yake yi wa kansa wannan kirari. Abin da Ezekiyel ya yi shi ne ya karɓi kirarin daga bakin fadawa ya mai da shi takardar tuhuma.

Ƙarfin siffantawar ya fi fitowa fili ga wanda ya san yadda ake kiwo a ƙasashen Waca, Dungas da Magariya. Sau da yawa dabbobin da ke gaban makiyayi ba nasa ba ne. Manomi ko ɗan kasuwa ne ya damƙa masa su, ya yarje masa nonon, da sharaɗin ranar da ya so zai zo ya ƙirga abinsa. A kan wannan yarjejeniya aka gina surar. Sarki ɗan kiwo ne, garken kuwa na Allah ne, kuma mai garke yana nanata cewa tumakin nasa ne har sai maganar ta zama kamar amshin waƙa.

Akwai wani wuri da ya kamata malamai su tsaya a kansa. A aya ta 3 an zargi makiyayan da cin kitse, da sa tufafin ulu, da yanka kiyatattun dabbobi. A rubutun Ibrananci baƙaƙen kalmar kitse da na kalmar nono iri ɗaya ne, wasali kawai ya raba su, lamarin da duk mai karanta ajami ya saba da shi. Tsohuwar fassarar Girkanci nono ta karanta. In aka bi wannan karatu, ma'anar ta ƙara kusantar al'adar nan, domin ba wanda ke hana makiyayi shan nono, ladan wahalarsa ne. Laifin yana cikin aya ta gaba, inda aka jera ayyuka biyar da aka bari: ƙarfafa rarrauna, jiyyar marar lafiya, ɗorin karyayya, komo da wadda ta ratse, da neman wadda ta ɓata. An karɓi lada, ba a yi aikin ba. Ulu ne kaɗai baƙo a jerin, tun da uda da balamin Sahel gashi gare su, sai mai karatu ya sa fata a madadinsa.

Hukuncin da aka yanke shi ma abin lura ne. Mai garke bai ambaci wuta ko takobi a kan makiyayan ba. Zai nemi lissafin tumakinsa a hannunsu, ya raba su da kiwon, ya ƙwace dabbobin daga bakinsu. Da Hausar fada, tuɓe rawani ke nan. Mutanen Waca da Dungas da Mirya, tsofaffin garuruwan Sosebaki da suka shiga ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19, ba sa bukatar a fassara musu nauyin wannan hukunci.

Masu wa'azi da masu siyasa sukan tsaya a nan, domin zagin na sama yana da daɗin ji. Amma daga aya ta 17 surar ta juya ta shiga cikin garken kansa. Za a yi shari'a tsakanin tunkiya da tunkiya, tsakanin mai ƙiba da ramammiya. Akwai waɗanda suka ci ciyawa mai kyau suka tattake sauran, suka sha ruwa garau suka dama ragowar da ƙafa, suka tunkuyi raunana da ƙaho har suka kore su. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tabki da rani ya ga wannan da idonsa. Ya kuma san irinsa a cikin mutane: mai sayen hatsi da kaka ya ɓoye sai damina ta yi tsakiya, da mai cinye burtali da gonarsa, da mai ba da bashin da za a biya da ninki ranar girbi. A nan ne surar ta fi zurfi, don ta hana mai sauraro fakewa da cewa shi ba sarki ba ne.

Mai karatu Musulmi zai tuna hadisin da ya kira kowane mutum makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa. Zai kuma tuna Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa zaluncin sarakunan Hausa, har da jangali da gaisuwa. Kamancin da ya fi ban mamaki yana wajen ƙaninsa, Malam Abdullahi, wanda wajen 1807, jihadi bai ko ƙare ba, ya bar rundunar ya nufi gabas har ya tsaya Kano, saboda ya ga abokan tafiya sun karkata ga dukiya da mulki. Ya bayyana wannan ɓacin rai a Tazyinul Waraƙat. Tuhumar da aka yi wa tsofaffin makiyaya ba ta daɗe ba ta komo kan sababbi.

Surar tana da iyakarta, kuma adalcin nazari ya bukaci a faɗe ta. Tumaki ba sa magana. Daga farko har ƙarshe garken bai yi ƙara ba, bai zaɓi kowa ba, ana yi masa ne kawai. Mafitar da aka ba shi ita ce makiyayi guda daga gidan Dawuda, da alkawarin zaman lafiya da ruwan sama a kan kari. Irin wannan fata yana da saurin faɗawa hannun masu ƙarfi. A ranar 15 ga Afrilu 1974, bayan shekarun fari da suka halaka dabbobi da mutane, soja a ƙarƙashin Seyni Kountché suka tuɓe Diori Hamani, kuma cikin hujjojin da suka bayar har da yadda aka yi da taimakon abinci. Jama'a da dama sun ga sakayya a cikin abin. Sai dai tun daga ranar, duk wanda ya karɓi mulki da bindiga a Nijar da sunan ceton garke yake zuwa. Ezekiyel bai ba kowa wannan izni ba, domin a surarsa mai garke da kansa ne ke karɓar abinsa, kuma wanda ya gaji sandar kiwo ya gaji ranar ƙirga tare da ita.

Malamin da zai kai wannan sura gaban ɗalibai, ko ƙungiyar da za ta tattauna ta, zai fi amfana in ya ajiye ta kusa da rubutun Shehu da na Abdullahi, ya karanta ta har ƙarshe, kada ya tsaya a aya ta 10. Sa'an nan ya ɗauki ayyuka biyar ɗin nan ya auna su da abin da aka sani a gari: asibiti, rijiya, rumbun tsimi, da yaron da ya bar makaranta ba wanda ya bi sawunsa. Ma'aunin ya shafi sarki da magajin gari, ya kuma shafi shugaban makaranta da mai gida a cikin gidansa.