Ina Aka Bar Maral?

Yau wani fim na kawo muku mu ɗan taɓa, sunansa The Promise, wato Alkawari, wanda ya fito a 2017. Ni da nake rubuta littattafan soyayya ban isa in ce soyayya laifi ce a labari ba, amma wallahi wannan ta tsaya min a rai.

Bari in fara gaya muku tushen abin. A ranar 24 ga Afrilu 1915 hukumar Daular Usmaniyya ta kama manyan Armeniyawa a Istanbul, daga nan aka shiga kashe mazansu, mata da yara kuwa aka kora su a ƙasa zuwa hamadar Siriya, yunwa da ƙishirwa suka cinye da yawa a hanya. Armeniyawa sun ce mutum miliyan ɗaya da rabi suka rasa. Turkiyya ta yarda an mutu, amma ta ce yaƙi ne, ba kisan ƙare-dangi ba. Kan wannan kalma ɗaya ne samari da 'yan matan Armeniya suke fitowa da wutar jiniya a daren 23 ga Afrilu, su taka har tudun tunawa da ke Yereban. 'Yan'uwansu na Los Anjeles ma a 2015 sun cika titi har ƙofar ofishin jakadancin Turkiyya. Faransa ta amince a 2001, Jamus a 2016, shugaban Amurka na wancan lokacin, Biden, sai a 2021.

To fim ɗin fa? Mikael saurayi ne ɗan ƙauye, ya karɓi zinare 400 a hannun baban wata yarinya Maral bisa alkawarin zai aure ta, da kuɗin ya tafi birni karatun likita. Can ya haɗu da Ana, 'yar gayu tashin Faris, wadda take tare da wani ɗan jaridar Amurka. Shi ke nan zuciya ta tafi. Kun dai san halin maza idan sun shiga birni, ba sai na faɗa ba.

Gaskiya an yi aiki. Wurin da mutane suka hau dutsen Musa Dag suna kare kansu har jirgin ruwan Faransa ya kwashe su, abu ne da ya faru, kuma ya taɓa ni. Na kuma ji daɗin Emre, abokin Mikael Baturke, wanda ya rasa ransa don taimakon da ya yi, don kada mai kallo ya ɗauka duk kanwar ja ce.

Amma Maral fa? Da kuɗin gidansu aka yi karatun, ita ta zauna jira, ita ya dawo ya aura bayan ya tsere daga aikin bauta, ita aka kashe da ciki a bakin kogi. Duk da haka maganar da ta yi a fim ɗin ba ta cika cokali ba. Ba mu san me take so ba, ba mu san me take tsoro ba. An yi mata kuka na ɗan lokaci, kyamara ta koma kan Ana. Kai ka ce an kawar da ita ne don hanya ta buɗe wa masoya, kuma mu marubuta mun san wannan dabarar, ni kaina na taɓa kashe uwargida a littafi don amarya ta shiga, har yau ina jin kunyarsa.

Alhali yaran nan masu tattaki, hotunan da suke ɗagawa na irin su Maral ne. Matan ƙauye waɗanda suka binne 'ya'ya a hanya, waɗanda aka aurar da su dole a gidajen da ba su sani ba, wasu har aka yi musu zane a fuska, suka tsufa da shi a Halab da Beirut. Daga bakinsu jikoki suka ji labarin. Fim na sama da awa biyu, da an ba ɗaya daga cikinsu ko minti goma ta yi magana, da sai in ce a nema a kalla ba tare da na yi ƙorafi ba.