Gasasshen kifin Gombe ya juya wa Gongola baya

Duk wanda ya zaga Gombe bayan Magariba, daga Tumfure zuwa Jekadafari har Pantami, ya san masu gasa kifi sun ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan. Sana'a ce da ta raba matasa da dama da zaman kashe wando, kuma ina murna da hakan. Damuwata ita ce, kusan duk inda ka tsaya abu ɗaya za a miƙo maka: tarwadar kiwo naɗe cikin takardar foyil, an cika ta da magi da attarugu, ga kabeji da soyayyen dankali a gefe. In ka rufe ido ka ci, ba ka iya cewa a Gombe kake ko a Abuja.

Salon nan aro ne. Mutanenmu da ke zuwa Legas kan ci abincin rana a bakin teku wajejen Lekki, inda ake kawo wa iyali babban faranti guda na kifi da jatan lande da ƙaguwa, su dawo da hotuna da labari. Amma abu biyu ne ke sa wannan cimar daɗi: mai abincin yana dafa abin da ruwan da ke gabansa ya bayar, masu ci kuma suna zaune tare, hannunsu a kwano ɗaya. Mun aro naɗin da adon, mun baro waɗannan biyun a can.

Gombe ba ta da teku, amma tana da Dadin Kowa. Tafiyar kusan kilomita 40 ce kan hanyar Biu zuwa madatsar da aka kammala a 1984 a kan Kogin Gongola, wadda daga ita ake turo wa gari ruwan famfo. Masunta na fito da karfasa da giwan ruwa da ragon ruwa da ƙurungu da tarwadar kogi, kuma kowanne da hannun da yake so. Karfasa a kankare ta, a tsattsaga jikinta, a shafa mata yajin ƙuli-ƙuli da citta da masoro, a ɗora ta kai tsaye a kan garwashi har fatar ta yi ƙarau. Giwan ruwa mai kaurin tsoka ne da ƙarancin ƙaya, shi ya dace da farfesun da za a ba yara da tsofaffi. Ƙurungu na miya ne, musamman in ya sha banda. Wannan ilimi ne da iyayenmu mata da matan masunta suka riƙe tun da daɗewa. Foyil kuwa turara kifi yake yi cikin ruwan jikinsa, hayaƙin gawayi ba ya shiga, shi ya sa dole a cika ɗanɗano don a rufe giɓin.

Na san hujjar masu gasawa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Tarwadar kiwo tana isa sayarwa cikin wata huɗu zuwa shida, ana samunta rani da damina, girmanta ɗaya, farashinta sananne. Kifin kogi kuwa yau akwai, gobe babu. Masu kiwon ma suna rage wa madatsar nauyi. Don haka ba na cewa a daina tarwadar kiwo. Ina cewa ne kada ta zama ita kaɗai. Mai gasa kifin da ya ƙulla ciniki da masunci guda, ya riƙa sanar da abin da aka kamo ranar, zai samu masu biyan kuɗi da daraja. Idan babbar karfasa ta yi tsada a gari, masunci zai ga amfanin ajiye raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

Sai batun zama tare, wanda ya fi taɓa ni. Gasa kifi a garin nan harkar dare ce, ta maza. Maigida ya ci da abokai, ya ƙullo ragowar a leda bayan yara sun yi barci. Ina so in ga wurare, a cikin gari da kuma bakin ruwan Dadin Kowa, da za su buɗe da rana ranakun Asabar da Lahadi, da inuwa da tabarma da ruwan wanke hannu da wurin sallah, a kawo faranti guda da zai ishi gida. A irin wannan zama ne uwa ke zare wa ƙaramin ɗa ƙaya, a miƙa wa babba kan kifi, yaro ya koyi cin gabansa, ya kuma koyi bambanta karfasa da ragon ruwa.

Gyaran yana hannunmu masu saye. In ka tsaya wurin mai gasa kifi, tambaye shi: “Malam, wannan kifin ina ne? Akwai na Dadin Kowa?” Idan mutum goma suka yi masa wannan tambaya cikin mako, da kansa zai yi sammako ya tafi bakin ruwa.